Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Rage Ƙiba Ba Aikin Mako Guda Ba Ne

Duk wanda ya saba zirga-zirga a tashoshin motar Legas, ko a Agege ko a Apapa, ya san masu tallan magani. Mutum zai ɗaga ƙunshin ganye ko kwalin shayi, ya yi ta rantsuwa cewa duk wanda ya sha, teɓarsa za ta narke cikin mako guda. A yau tallan ya shiga har cikin wayoyinmu. Wani ya ce a daina cin tuwo da shinkafa gaba ɗaya, wani ya ce a wuni ba a sa komai a ciki ba sai ruwan lemon tsami. A ra'ayina, duk waɗannan hanyoyi yaudara ce. Abin da ke rage ƙiba, ya kuma hana ta dawowa, shi ne gyaran cimar yau da kullum.

Na ga misalin haka a cikin danginmu. Wata yayata da ke zaune a Agege ta ƙuduri niyyar ramewa kafin bikin ƙawarta. Ta daina cin abincin rana da na dare, ta koma shan shayin rage ƙiba. Cikin mako biyu kuwa tufafinta suka yi mata yawa. Sai dai ta kasa zaman shagonta saboda jiri da yawan zagayawa. Innarmu ta dube ta, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ba ramewa ba ce, jinya ce." Bayan biki ta koma cin abinci kamar da. Ba a yi wata uku ba ƙibar ta dawo, har da ƙari.

Me ya jawo haka? Dalili na farko shi ne, yawancin irin wannan shayi yana ɗauke da ganyen da ke sa gudawa, kamar filasko, ko wanda ke sa yawan fitsari. Saboda haka abin da mutum ya zubar ruwa ne, ba kitse ba. Da zarar ya sha ruwa ya ci abinci, nauyinsa zai dawo. Dalili na biyu kuma, idan aka hana jiki abinci, yakan ɗauka fari aka shiga. Sai ya fara tsimi: ya rage ƙona abin da ya tara, ya ci daga naman jiki, ya kuma ƙara wa mutum yunwa. Ranar da haƙuri ya ƙare, mutum zai ci fiye da yadda ya saba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Maganin da ba a san abin da aka haɗa shi da shi ba yana iya taɓa ƙoda ko hanta. Tun 1993 aka kafa hukumar NAFDAC domin ta sa ido a kan abinci da magunguna a Nijeriya. Duk ƙunshin da ba shi da lambar rajistarta, bai kamata ya shiga cikinka ba.

To, mene ne mafita? Ba sai mun nemo abinci daga Turai ko Amurka ba. A je kasuwar Mile 12 a ga yadda manyan motoci ke sauke tumatir da tattasai da albasa da karas da kabeji daga Arewa. Hausawan da suka zauna a Zangon Agege tun zamanin fataucin goro sun zo da cimarsu: tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, fate, ɗanwake, kwaɗon zogale ko na rama, da fura da nono. Wannan abinci yana riƙe ciki, yana kuma gina jiki. Maƙwabtanmu Yarabawa su ma suna da nasu, irin su miyar ewedu da dafaffen wake. Matsalar ita ce, rayuwar birni ta sauya mana teburi. Da safe burodin Agege da shayi mai suga cokali huɗu, da rana soyayyen abu da lemon kwalba, da dare taliya a wurin mai shayi. Ga kuma zaman awa biyu ko uku a cikin cunkoson motoci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa. Ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace a kowace rana. Gishiri kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali guda. Suga kuma kada ya wuce kimanin giram 50, alhali kwalbar lemo ta rabin lita kaɗai tana iya ƙunsar kusan haka. Ta kuma shawarci manya su motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, yara da matasa kuwa minti 60 a kullum. A lura, babu inda aka ce a bar tuwo ko shinkafa. Abin da ake so shi ne a rage malmala, a ƙara miyar ganye, a rage mai da suga, a sha ruwa maimakon lemo.

Wani zai ce, "Ai wannan magana ce ta masu hali. Wanda ya fita tun asuba zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa, yaushe zai zauna zaɓen abinci?" Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya, domin kayan abinci sun yi tsada, lokaci kuma ya yi ƙaranci. Amma ko a bakin titi akwai zaɓi. Mai kuɗin lemon kwalba yana iya sayen lemon zaƙi ko ayaba ko yankan kankana. Inda ake sayar da fanke, ba a rasa mai alala ko dafaffiyar masara a kusa. Kuɗin da ake zubarwa a kan shayin rage ƙiba ma ya isa cefanen ganye na kwanaki.

Wani kuma zai ce hanyar ta cika jinkiri. Haka ne. Masana lafiya sun ce rage rabin kilo zuwa kilo guda a mako shi ne daidai. Amma ƙibar da ta taru a shekara biyar, ta yaya za ta tafi a kwana bakwai? Ga tambayar da ya kamata kowa ya yi wa kansa kafin ya ɗauki wani tsarin cin abinci: shin zan iya ci gaba da wannan har shekara mai zuwa? Idan amsar a'a ce, to tsarin ba zai amfane shi ba.

Ku kuma ɗalibai, jikinku yana kan girma, ƙwaƙwalwarku tana bukatar abinci domin karatu. Kada tsokanar abokai ko hotunan intanet su sa ku horar da kanku da yunwa. Wanda ƙibarsa ta dame shi, ya gaya wa iyayensa su kai shi wurin likita. Manufarmu ba mu zama sirara ba ce, manufarmu mu kauce wa ciwon suga da hawan jini, mu rayu da ƙarfinmu. A fara da abu guda yau, ko da rage cokalin suga ɗaya ne a shayi. Idan ya zama jiki, a ƙara wani. Sannu ba ta hana zuwa, kuma lafiya ita ce uwar jiki.

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai biyu marubucin ya kawo da ke sa ƙiba ta dawo bayan an rage ta da gaggawa?
2. Kawo nau'o'in abincin Hausawa guda huɗu da aka ambata.
3. Mene ne ma'anar karin maganar nan: "sauri ya haifi nawa"?
4. Ka yarda da ra'ayin marubucin? Kawo hujjojinka.