"Ku Koma Gona": Wace Gonar?



Duk taron da aka tara matasa, sai wani mai babbar riga ya miƙe ya ce mu koma gona. Mu tafa masa, mu dawo gida mu zuba maganar cikin rubutunmu kamar karatun allo. Sau nawa muka karanta labarin saurayin da ya gaji da zaman majalisa, ya ɗauki fartanya, kafin babi na biyar ya sayi mota? Gonar wa ya noma? Da kuɗin wa ya sayi taki?

Mu je Sharaɗa ko Bompai da sassafe, mu tsaya bakin rumbunan da ake gyaran riɗi da zoɓo. Mata ne ke tururuwa, wasu ba su rufe shekara ashirin ba. Yini suke yi suna tsince tsakuwa da datti daga kayan da za a loda a kwantena a fitar waje. Zoɓon da ake sha a Meziko ta hannunsu ya bi. Samari kuma su ne 'yan dako, buhu a ka har magariba. Waɗannan ba sa buƙatar a ce musu su shiga harkar noma, a cikinta suke tsundum. Abin da ba su da shi ƙasa ce, da jari, da ta-cewa a kan farashi.

Ƙasar ma ita ce uwar matsala. Musulunci ya ba mace gadonta, babu mai ja. Amma wane ne cikinmu bai san gidan da aka ce wa yarinya, "Bar gonar a hannun yayanki, zai riƙa ba ki naki" ba? Shekara goma ana aiko mata da buhu guda, ranar da ta buɗe baki ta tambaya a ce ta ɓata zumunci. Saurayi shi kuwa sai mahaifi ya kwanta dama, a raba gonar gida takwas, ya tashi da abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Gonakin wajen Kumbotso da Panshekara kuma ana ta yanka su filotai. Ka je banki, a ce kawo takardar mallaka a jingina. Tun dokar ƙasa ta 1978, takardar nan sai da sa hannun gwamna. Ina 'yar tsintar zoɓo za ta gan ta?

Ko shirin rancen manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi cikin Nuwamban 2015, mai gona aka nufa da shi. Mai turara shinkafa a Kura da mai tuyar ƙuli-ƙuli a tsakar gida, a takarda ba manoma ba ne.

Wanda ya dage ya yi hayar ɗan fili a bakin rafin Getsi ko Jakara, da ruwan da ya wanko masana'antun Bompai da kwatocin birni yake bayin latas da alayyafo. Na gaɓar kogin Challawa kuma yana ƙasa da kamfanonin jimar fata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ɗin injin ban-ruwa ma ya zama abin lissafi. Sai mu ce masa malalaci?

Mu ma da namu laifin, kuma ba ƙarami ba. Sharaɗa ta sha shiga littattafanmu, amma a matsayin inda Alhaji mai kamfani yake da ofis, wanda zai auri jarumar a babin ƙarshe. Yarinyar da ke durƙushe a bayan ofishin, tana tari saboda ƙurar riɗi, ko suna ba mu taɓa ba ta ba. Ba mu san nawa ake biyanta a kan buhu ba, ba mu san wa ya riƙe gonar ubanta ba, don ba mu taɓa tambayarta ba. Alhali daga Ƙofar Ɗan'agundi zuwa Sharaɗa, adaidaita ɗaya ce.