Yawon Sallah a Tsibirin Dam da Fitsarin Jinin da Ya Biyo Baya

Ana saura kwana biyu ƙaramar Sallar bara, wana ya iso Sundimina daga Kano da iyalinsa. Ya same ni a zaure ya ce, "Kai da kake famasin asibiti, haɗa mana 'yan magungunan tafiya. Washegarin Sallah dam za mu kai yara, a shiga kwale-kwale." Na ce, "An gama, Yaya." Na zuba masa farasitamol, da ƙullin gishiri da sukari saboda gudawa, da filasta, da maganin amai. Na ji a raina na fita kunyar zumunci da ta aiki gaba ɗaya.

Da ni aka je. Mai kwale-kwale ya tsallakar da mu zuwa wani ɗan tsibiri na duwatsu da 'yan bishiyoyi a tsakiyar ruwa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe kulolin dambu da soyayyun kaji. Da rana ta take, zafin bazara ya matsa, yara suka tuɓe suka faɗa bakin ruwa inda bai wuce ƙugu ba. Ina zaune ina ƙirga kawunansu don kada wani ya nutse, ina ganin ai na gama tsaro. Bayan kamar wata uku Yaya ya bugo mini waya: ɗansa mai shekara tara yana ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Yaron nan a birni yake, da ruwan burtsatse ake masa wanka, bai taɓa shiga wani rafi ba sai ranar. Awon fitsari ya nuna ƙwayayen tsargiya.

Laifin nawa ne, domin ni ne na karanta cutar a jami'a, kuma ni nake miƙa maganinta ta taga kusan kowane mako. An tambaye ni magani, na ba da magani, na manta da maganar da ta fi duk abin da ke cikin jakar amfani: ku sha iska, ku ci, ku ɗauki hoto, amma kada kowa ya shiga ruwan.

Sha'awar irin wannan fita tana ƙaruwa a cikinmu, kuma wayoyi suna da hannu a ciki. Muna kallon bidiyon manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido suna sauke iyalai a ƙananan tsibiran Bahamas, yara suna ninƙaya tun safe har yamma, sai mu ce mu ma ga Tiga, ga Warwade kusa da Dutse. Bambancin da hoto ba ya nunawa shi ne, wancan ruwan teku ne mai gishiri, kuma dodon koɗin da ke renon tsargiya ba ya rayuwa a cikinsa. Namu ruwan daɗi ne, kwantacce, mai ɗumi, ga ciyayi a gefe, wato gidan da dodon koɗin ya fi so. Dam ɗin Tiga, da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ya ciyar da dubban manoman rani a Kadawa da Kura, amma duk inda aka tare ruwa aka ja magudanai a ƙasa mai zafi irin tamu, tsargiya takan biyo sawu.

Yadda take shiga jiki ne mutane suka fi jahilta. Da yawa suna zaton sai an sha ruwan. Ba sai an sha ba. Mai ɗauke da cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗi, su hayayyafa, sannan su fito a matsayin 'yan tsutsotsin da ido ba ya gani. Waɗannan su ne suke huda lafiyayyar fata cikin 'yan mintuna, kuma sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi yake kora yara cikin ruwa. Daga fata su bi jini, su girma, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara suna zuba ƙwai. Ƙwan ne yake yi wa bangon mafitsara rauni har jini ya fito. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alkahira, shi ya sa ake kiranta bilharziya, amma har gobe a ƙauyukanmu akwai mai ce wa yaro girma ne ya zo masa. Haka Inna ta fara cewa da labarin jikanta ya iso gida, sai da na zauna na yi mata bayani a tsanake. Idan aka bar cutar shekara da shekaru, tana jawo ƙarancin jini da koma-baya a karatu, tana iya toshe hanyar fitsari ta taɓa ƙoda, kuma tana cikin sanannun dalilan sankarar mafitsara. A jikin mata tana yi wa al'aura da mahaifa illa, har a yi ta maganin ciwon sanyi ba a dace ba.

Tambayar da na fi samu ita ce, "To ba sai mu ba su maganin da daddare in mun dawo ba?" A'a. Praziquantel, wanda shi ne maganin tsargiya, manyan tsutsotsi yake kashewa, ba ya tasiri sosai a kan ƙanana da suka shiga jiki jiya ko makon jiya. Shi ya sa ake jiran mako shida zuwa takwas bayan shiga ruwa kafin a sha. Ba riga-kafi ba ne, kuma wanda ya warke ya koma ruwa zai sake kamuwa. Ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 40 a kan kowane kilo, ƙwaya ɗaya kuma miligiram 600 ce, don haka yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu zai sha. A sha bayan an ci abinci, kada a tauna domin yana da ɗaci ƙwarai, kuma jiri ko ɗan murɗar ciki na wuni guda ba abin tsoro ba ne. Wanda yake shan maganin tarin fuka mai rifampicin, ko maganin farfaɗiya, lallai ya faɗa wa likita tukuna, saboda suna rage ƙarfinsa a jini. Idan kuma masu rabon maganin sun zo makarantar yaranku, ku bari a ba su. Kyauta ne, kuma shi ne dai wanda muke bayarwa a asibiti.

Wasu abokan aikina suna ganin mafita ita ce a hana zuwa dam kwata-kwata. Ban bi su ba. Wunin da muka yi a tsibirin nan ya haɗa 'yan'uwan da suka shekara uku ba su ci a kwano ɗaya ba, kuma ban yi nadamar zuwa ba, abin da na bari ya faru nake nadama. Sannan hana ɗan birni yawon wuni guda bai taɓa ainihin matsalar ba, tunda yaran Sundimina da na Gwaram kullum suna cikin kududdufi da fadamun shinkafa da damina, ba don nishaɗi ba, don wanki da kiwo da aikin gona. Su burtsatse da bayan-gida suke buƙata. Mai zuwa yawo kuwa yana da zaɓin da su ba su da shi: ya tafi da jarkar ruwansa daga gida don alwala da wanke hannu, ya sa wa yara doka tun kafin a hau mota.

Akwai kuma maganar kwale-kwalen kansa, wadda ba ta jiran wata uku. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin da ya ɗebo 'yan Islamiyya daga Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, mutum aƙalla 29 suka rasu, galibinsu yara. Idan babu rigar kariya ga kowane yaro, ko aka cika jirgi fiye da kima, a haƙura a jira sawu na biyu.

Ɗan Yaya ya sha ƙwayoyinsa, jinin ya tsaya, awon da aka maimaita ya fito lafiya. Sauran yara shidan da suka shiga ruwan ranar na sa an yi musu awo su ma, aka samu cutar a jikin biyu, alhali babu wanda ya taɓa ganin jini a cikinsu. Bana ma Yaya ya ce a haɗa jakar magani. Na haɗa, na ɗora masa jarka biyu ta ruwan gida da ƙwallo guda, na ce a buga a kan tudu.