A Daina Ce Musu Mafarautan Baiwa

Akwai wani ma'aikaci da Turawa ke kira sikawut. Ba ɗan sikawut ɗin da muka sani a firamare ba, mai gajeren wando da ƙyalle a wuya. Shi wannan aikinsa ya je filin ƙwallon da babu kyamara babu 'yan jarida, ya zauna ya kalli yara 22 suna tayar da ƙura, sannan ya koma ya ce wa ƙungiyar da ta aiko shi ga wanda za ta ɗauka. Akwai irinsa a harkar waƙa da fim, akwai kuma a sana'ata ta rubuta manhajar kwamfuta. Har yau Hausa ba ta tsayar masa da suna ɗaya ba. Masu fassara a intanet kan ce "mafaraucin baiwa", a majalisun unguwa kuma ana cewa "ejan". Ban yarda da ko ɗaya ba. Na farko muni gare shi, na biyu kuwa ya cinye filaye da gonakin mutane.

Bari in fara da na 'yan boko, don shi ya fi saurin sallama. Mai karatu, sake duba kalmomin nan biyu a rubuce: mafaraucin baiwa. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, saboda haka baiwar da Allah ke yi wa mutum da baiwar da ake kamowa a yaƙi duk harafinsu ɗaya, sai a murya ake rabewa. A ƙasar da kakanninmu suka san harin bayi, wasu sun kai, wasu an kai musu, wa ya ce mu laƙaba wa wata sana'a sunan da a takarda yake nufin mai farautar kuyanga? Ko an bar maganar tarihi, ita kanta farauta ba ta dace ba. Maharbi ba ya fita daji don amfanin barewa. Turawan ma da suka ƙirƙiro wa masu nemo ma'aikata laƙabin da ke nufin mafaraucin kawuna, daga al'adar sare kan abokin gaba suka aro shi, kuma da zolaya a ciki. Mu sai muka kwaso shi da gaske, muka bar zolayar a can.

Ita kalmar sikawut ba ruwanta da kwari da baka. Asalinta tsohon Faransanci ne, daga kalmar da ke nufin saurare, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal za su gane jikarta a Faransancin yau. Sojan da ake turawa gaba ya kasa kunne ya dawo da labari, shi aka fara kira haka. Wato aikin na ido ne da kunne da rahoto. Ba ya kamawa, ba ya saye, ba ya sayarwa.

Wanda yake son ganin aikin a zahiri ya dubi Steve Walsh a lokacin da yake Leicester City. Ya je Faransa kallon wani ɗan wasan Le Havre, sai idonsa ya faɗa kan wani siririn yaro daban, Riyad Mahrez. Leicester ta saye shi a farkon 2014 a kan kuɗin da bai kai fam dubu 500 ba. Sashen Walsh ɗin ne ya kawo Jamie Vardy daga Fleetwood a 2012 da N'Golo Kante daga Caen a 2015. A 2016 suka ɗauki kofin Firimiya, aka zaɓi Mahrez gwarzon ɗan wasan Afirka, a 2018 kuma Manchester City ta biya kusan fam miliyan 60 a kansa. Ido ba mudu ba, ya san kima. To a duk wannan labari, ga abin da nake so a riƙe: Leicester ce ke biyan Walsh albashi a lokacin. Mahaifiyar Mahrez ba ta sayar da ɗankunne ta ba shi kuɗin mota ba.

Nan ne ɓarnar kalmar "ejan" take. A bakinmu mutum uku ne ke amsa wannan suna. Akwai wanda ƙungiya ta aiko ya duba mata yara. Akwai wakilin ɗan wasa, mai zama a teburin ciniki ya yi masa fafutukar albashi. Akwai kuma wanda ke zuwa unguwa da jaka da takarda mai tambarin wata ƙungiyar Turkiyya ko Dubai, ya ce yaronku ya yi, amma a kawo kuɗin fom, kuɗin gwaji, kuɗin biza, kuɗin jirgi. Tun da sunansu ɗaya, na ukun yana cin albarkacin na farko da na biyu. Uban yaro ya ji a rediyo cewa ejan ne ya kai wane Turai, ga ejan ya zo har zaurensa, me zai hana shi sayar da fili?

A sana'armu wannan shi ne kuskuren da ake fara tsawatar wa ɗan koyo a kai. Idan kana rubuta manhajar lissafin shago ka kira kuɗin da ya shigo "kuɗi", ka kira wanda ya fita shi ma "kuɗi", kwamfuta ba za ta yi maka uzuri ba. Za ta haɗa su ta ba ka amsa cikin natsuwa, amsar kuma ƙarya ce, ba kuwa za ka gane ba sai ranar da mai shago ya buɗe aljihun tebur. Sunan da ya rufe alkiblar kuɗi suna ne mai haɗari. Kuma alkiblar kuɗi ita ce kaɗai abin da ya raba mutanen nan uku, don tufafinsu iri ɗaya ne, Turancinsu iri ɗaya, hotunan da suke nunawa a waya ma iri ɗaya.

Abin haushin shi ne Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Na biyun nan dillali ne, ba wani abu ba. Duk wanda ya taɓa shiga karar shanu a Wudil ko Maigatari, ko ya sayi hatsi a Dawanau, ya san ƙa'idar dillanci ba sai an karanta masa ba: la'ada tana fitowa ne bayan ciniki ya faɗa. Babu dillalin da zai ce ka ba shi la'adar sa tun san yana gida a ɗaure. Da ana ce wa wakilan 'yan wasa dillalai, da dattijon da bai taɓa kallon Firimiya ba ma ya san tambayar da zai yi: ina mai sayen, kuma nawa ya taya? Kalmar aro ce ta kwance masa wannan wayon da ya gada. Na san wasu za su ce dillali kalma ce mai ƙasƙanci, ba ta dace da mai kwat da lasisi ba. Wannan matsalar mai kwat ɗin ce. Dillanci sana'a ce ta mutunci, kuma yaron da zai sa hannu a kwantiragin da aka rubuta da yaren da bai iya ba yana bukatar dillali nagari fiye da yadda yake bukatar takalmi.

Na ukun kuwa sunansa ɗan damfara tun fil azal.

Saura na farkon, kuma shi ma bakinmu ya riga ya tanadar masa aikatau. Kullum ana cewa za a zaƙulo matasa masu hazaƙa. Zaƙulowa ita ce ka sa hannu cikin tari ka fito da abin da ke ɓoye a ƙasa, ka ɗaga shi a gani. Ba jini a ciki, ba ciniki. Ni dai "mai zaƙulowa" nake cewa, jam'i "masu zaƙulowa", a ƙara da abin da ake zaƙulowar: 'yan wasa, mawaƙa, ma'aikata. Na so a ce "ɗan duba" ya samu, don ya fi daɗin faɗa, amma masu bugun ƙasa sun riga mu.

Ba ni na ƙirƙiro wannan rabe-raben ba, dokokin ƙwallon kansu haka suka raba. FIFA ta soke tsarin lasisin wakilai a 2015, abin ya zama kasuwar bukata, ta dawo da shi a 2023 har da jarrabawa. Ƙa'idojinta sun hana duk wanda ke ƙarƙashinta neman kuɗi ko karɓa saboda gwajin ɗan wasa. Sashe na 19 na dokar sauya sheƙa ya hana kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa, in ban da 'yan togaciya kaɗan. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, amma duk da haka sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya taka musu leda. Idan wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya sai da ya jira, to wanda ya ce zai kai ɗan shekara 15 daga filin unguwa zuwa Turai wata mai zuwa, ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa gaskiya yake faɗa ta hanyar da doka ta hana, wanda ya fi muni. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara 'yan Afirka ta Yamma, galibi daga Laberiya, zuwa ƙungiyar Champasak United ta ƙasar Lawos da sunan makarantar ƙwallo.

Kada a ce na mayar da masu zaƙulowa waliyyai. A 2021 FIFA ta hukunta Spezia ta Italiya kan shigo da yara 'yan Najeriya da ba su kai shekaru ba, ko da yake kotun wasanni ta sassauta hukuncin daga baya. Ƙungiya ce ta gaske, da masu duba mata yara na gaske. Haka kuma a nan gida sau da yawa mutum ɗaya ne ke zaƙulowa da safe ya yi dillanci da yamma, wani lokacin ma shi ne kocin yaron. Masu cewa raba sunayen ɓata lokaci ne da wannan suke kafa hujja. Ni kuwa ina ganin hujjar tawa ce. Mutumin da ke da hula biyu shi ya fi cancanta a tambaye shi wacce ya sa yau, kuma ba a iya tambayar sai kowace hula tana da sunanta.

A fagenmu na kwamfuta ma haka abin yake. Mai nemo ma'aikata na gaske, kamfani ne ke biyansa, yawanci wani kaso na albashin shekarar farko na wanda aka ɗauka. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ta ce kada kamfanonin samar da aiki su caji ma'aikaci. Amma saƙonni ba sa yankewa a LinkedIn da WhatsApp: an ga aikinka, wani kamfanin waje yana sonka, turo kuɗin tantancewa. Mu da muka daɗe muna gogewa mu wuce. Ƙannenmu da suka gama koyon rubuta manhaja jiya, waɗanda suka ji ana cewa ejan ne ke haɗa mutum da aikin dala, su ake kamawa. 'Yan matan da ake ce wa su biya kuɗin rajista a sa su a fim, labarinsu ɗaya ne, sai dai nasu yakan wuce asarar kuɗi.

Na san harshe ba ya bin umarni, kuma ba zan hana 'yan majalisar mai shayi cewa ejan ba. Da masu rubutu da masu makirfo nake. Su ne suka ɗauki "zawarci" daga maganar aure suka kai ta kasuwar 'yan wasa, har yau yaro ƙarami ya san abin da ake nufi idan aka ce Arsenal na zawarcin wane. Waɗanda suka iya wannan ba za su gaza raba mutum uku ba. Idan ƙungiya ta turo mutum kallon gasar matasa a Kaduna, a ce mai zaƙulowa ya zo, a faɗi ƙungiyar da ta aiko shi. Idan ana maganar wanda ya yi cinikin kwantiragi, a ce dillalin ɗan wasa, a binciko ko yana da lasisin FIFA. Ranar da 'yan sanda suka kama wanda ya karɓi kuɗin iyaye ya zubar da 'ya'yansu a wata tasha a ƙasar waje, kada in ji an buɗe labarai da cewa an kama wani ejan.