Saƙo ya ɓata, kada a kashe katangar tsaro

A makarantun da ke da ɗakin kwamfuta, da zarar saƙon imel ya ƙi fita sai a ce "rezo ne". In an ga rezo na nan, sai a kashe katangar tsaro, wato manhajar da ke tace abin da ke shiga da fita tsakanin kwamfutocin makaranta da intanet. Saƙo ya wuce, a manta da ita a kashe. A matsayina na malami mai horar da malamai, ina ganin wannan ganganci ne, domin katangar nan ce ke kare sakamakon jarrabawa da bayanan ƴaƴanmu.

Katangar iptables ta Linux, alal misali, jerin dokoki take bi daga sama zuwa ƙasa. Tana hana saƙo ta hanya biyu. Da dokar REJECT tana maido wa mai aikawa amsar ƙi. Da dokar DROP kuwa shiru take jefar da shi, mai aikawa ya yi ta jira. Irin wannan ɓatan ne ke ruɗa mutane.

Maganinsa shi ne a sa katangar ta rubuta abin da ta hana. Amma dole dokar LOG ta zo kafin DROP. In ta zo baya, saƙon ba zai iso gare ta ba, rajista ta kasance fayau. Rajistar ma tana iya yin giɓi: in an ƙayyade yawan layin da za ta rubuta a minti ɗaya, ko ana tura ta wata na'ura ta UDP a ƙofa 514, inda babu tabbacin isarwa. Don haka rashin rubutu ba shaida ba ne cewa katangar ba ta da hannu.

Sai a duba ƙofofin da aikin ke bukata: 587 ko 465 don aika imel, 993 don karɓa, 53 don neman adireshi. Da tcpdump ko Wireshark ana iya ganin ko saƙon ya shiga ta wannan ɓangare ya kasa fita ta wancan. A sauya doka ɗaya, a gwada, a rubuta a littafi.

Malamai, mu yi wannan bincike a gaban ɗalibai, su koyi bin sawu da hujja. Uwaye kuma, a taron makaranta na gaba ku tambaya: katangar tana kunne, kuma wa ke duba rajistarta?