Bidiyon wasanka na maƙalewa? Kada ka bar jaki ka daki taiki

Yawancin matasan da ke naɗar wasannin kwamfuta domin ɗorawa a YouTube ko TikTok sun san wannan takaicin. A lokacin wasa komai na tafiya sumul, amma da an buɗe bidiyon da aka naɗa sai ya riƙa tsaitsayawa, hoto ya maƙale, murya ta yi gaba ta bar shi. Hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne kwamfutar ta gaji, sai a shiga lissafin sayen wata. A ganina wannan gaggawa ce mai tsada, ballantana yanzu da ko ta hannu sai an ji a jika. Sau da yawa laifin na saiti ne, kuma gano shi ba ya cin ko sisi.

Tambayar farko ita ce, shin bidiyon ne ya lalace tun wajen naɗa, ko kuwa manhajar da ake kallonsa da ita ce ta gaza? Ka buɗe shi da VLC, wadda kyauta ce, ko ka tura shi waya ko wata kwamfutar. Idan ya tafi daidai a can, to fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Hakan na yawan faruwa idan an matse bidiyo da sababbin tsare-tsare irin su HEVC ko AV1, waɗanda tsofaffin kwamfutoci ke shan wahalar warwarewa. Tsarin H.264, wanda ya fito tun 2003, kusan kowace na'ura na karanta shi ba gardama. Idan kuma a manhajar tace bidiyo ce kawai murya ke saɓa wa hoto, mai yiwuwa an naɗe shi da adadin hotunan da ke hawa yana sauka. HandBrake, ita ma kyauta, na iya mayar da shi kan adadi guda tsayayye.

Idan matsalar na cikin fayil ɗin kansa, sai a duba nauyin da aka ɗora wa na'urar. Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri. Mai naɗa a kan hotuna 60 cikin daƙiƙa ya bai wa kwamfutarsa ƙasa da kashi 17 cikin 1,000 na daƙiƙa ta gama da kowane hoto. A girman 1080p kowane hoto na da ɗigo sama da miliyan 2, kuma da za a ajiye su ba matsewa, daƙiƙa guda za ta ci kusan megabait 370. Ke nan dole kwamfutar ta zana wasan, ta kwafi hoton, ta matse shi, ta rubuta shi a ma'ajiya, duk a lokaci ɗaya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, bare huɗu. Duk hoton da bai kammala a kan lokaci ba sai a tsallake shi, kuma wannan giɓin ne ido ke gani a matsayin maƙalewa.

Masu amfani da OBS Studio ba su da dalilin yin canki-canka, domin akwai shafin ƙididdiga mai suna Stats da ke nuna inda hotunan suka zube. Idan wajen zanawa ne, to wasan ya cinye ƙarfin katin hoto bai rage wa manhajar komai ba. Maganin shi ne a ƙayyade wasan a kan hotuna 60 maimakon a sake shi yana gudu iya ƙarfinsa, a kuma rage inuwa da sauran ƙawa. Idan wajen matsewa ne, galibi an bar aikin a kan x264, wanda ke jibga shi a kan firosesa. Alhali yawancin firosesocin Intel tun daga 2011 na da sashe na musamman don wannan aiki mai suna Quick Sync, yawancin katunan Nvidia tun daga 2012 na da NVENC, AMD ma na da nata. Mutane da dama na riƙe da wannan dama ba su taɓa kunna ta ba, kamar kazar da ta kwana kan dami da yunwa.

Akwai kuma dalilan da suka fi shafar mu a nan. Laftof na rage wa kanta gudu da zarar ta koma kan batir, don haka naɗin da aka yi bayan an ɗauke wuta ba zai yi daidai da wanda aka yi tana jone da caja ba. Haka take yi idan ta ɗau zafi. Fankar da ƙurar hunturu ta toshe, aka kuma ɗora kwamfutar a kan katifa cikin zafin bazara, ta isa ta ɓata bidiyo komai kyan saiti. Tsohon faifan ajiya mai juyawa shi ma kan gaza idan wasan na karatu daga gare shi, naɗin kuma na rubutu a kansa. Sauya shi da SSD ya fi sayen sabuwar kwamfuta araha nesa ba kusa ba. Ga mai kwamfutar tebur kuwa, gara ya riƙa naɗa a tsarin MKV, domin idan wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, fayil ɗin MP4 na yau da kullum kan lalace gaba ɗaya.

Wani ɓangaren laifin na son burga ne. Girman 4K ya ninka 1080p sau huɗu, shi kuwa 720p bai kai rabinsa ba. Wanda ya sauko zuwa 720p a kan hotuna 30 ya sauke wa na'urarsa fiye da kashi uku cikin huɗu na nauyin. Su wa ake yi wa bidiyon? Akasarin masu kallonmu a waya suke kallo, suna lissafin data, kuma YouTube zai sake matse duk abin da aka ɗora masa. Mai kallo zai jure hoton da bai cika kaifi ba, amma ba zai zauna wa wanda ke cijewa ba.

Wani zai ce ai akwai kwamfutar da ba ta da ƙarfin tun asali, kuma gaskiya ne. Na'urar da wasan kansa ke ja da ƙyar, babu saitin da zai yi mata dabo. Sai dai bincike ne ya kamata ya kai mutum ga wannan hukunci. Ka naɗi minti ɗaya, ka sauya abu guda, ka sake naɗa, ka kwatanta. Idan ka bi matakan nan duka matsalar na nan, aƙalla za ka shiga kasuwa ka san abin da ka rasa, ko katin hoto ne, ko ma'ajiya, ko firosesa. Wanda bai bincika ba kuwa yana iya zuba kuɗinsa a sabuwar kwamfuta, ya dawo gida ya kwafe tsohon saitin, bidiyon ya ci gaba da maƙalewa yadda ya saba.