Dandalin Marubuta: Makullin Da Ke Haɓar Zani

Wata 'yar uwarku ta aiko min da labari daga Tsohon Birnin Gwari, shafi 12 a takardar makaranta, rubutu tsaf kamar na injin. Amma wallahi da na karanta sai da na yi tsaki. Saurayi ya zo a Marsandi, budurwa ta sha leshi da sarƙar gwal, falo ya cika da kujeru 'yan waje. To me Marsandin ta yi a labarin? Ta tsaya a ƙofar gida, ta juya, shi ke nan.

Sai a shafi na 9 na gyara zama. Uwar budurwar, tun da 'yan bindiga suka taso su daga ƙauyensu na bakin daji, ta ƙulle makullin ɗakinta a haɓar zani, ko wanka za ta shiga ba ta rabuwa da shi. Layi biyu kacal aka ba wannan, aka koma kan leshi. Haba ƙanwata! Ai nan labarinki yake. Makullin ɗakin da ba a san ko yana tsaye ko an ƙone shi ba. Ba sai kin ce mana tana kewar gida ba, nuna mana hannunta yana lalubarsa duk sanda aka ambaci ƙauyen. Ranar kai amarya kuma, ta kwance ta damƙa wa 'yarta ne, ko ta wurga shi rijiya? Marubucin nan na Rasha, Anton Chekhov, shawararsa ke nan: bindigar da aka rataye a farkon wasa, lallai ta tashi kafin a gama.

Kuma garinku da aka sani da haƙar zinari, me ya kai ki aron mota? Ba saurayin kwaryar wankin ƙasa, ya yi wata uku a rafi yana haɗa sadaki, rannan ta fashe. Abubakar Imam ma, haifaffen Kagara nan kusa da ku, ruwa kawai ya sa Alhaji ya tafi nema a Ruwan Bagaja na 1934, ga shi har yau ana karantawa.

Na mayar mata da takardunta, na ja jan biro a shafi na 9. Ƙanwata, ki roƙi Inna ta ba ki makullin ki riƙe, ki ji nauyinsa da tsatsarsa, sannan ki sake rubutawa. Ina jiran wasiƙarki kafin fitowa ta gaba.