INA YARO ZAI DOSA DON ILMIN NUKILIYA?

Akwai wata tambaya da kan iso gaban malaman makaranta da malaman ofis, ba su kuwa shirya mata ba. Yaro ya gama digiri na farko a kan kimiyya ko aikin injiniya, ya ci da kyau, yana so ya zarce digiri na biyu ko na uku a kan injiniyancin nukiliya. To, wace jami'a zai dosa? Amsar da a kan ba shi ita ce ya nemi wadda ta fi suna. Mu dai ba mu yarda da wannan amsa ba, domin kuɗin jama'a ne za a kashe, shekarun yaro ne kuma za su tafi, ba su dawowa.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko jami'ar tana da murhun nukiliya. Shi wannan murhu wata tukunya ce inda a ke fasa ƙwayoyin zarra na yuraniyum. Kowace ƙwaya in ta fashe sai ta ba da zafi, ta kuma saki waɗansu 'yan ƙwayoyi da a ke kira niyutiron, su kuma su je su fasa na gaba. Aikin injiniya shi ne ya riƙe linzamin wannan fashewa da sanduna masu shanye niyutiron, kada ta mutu, kada kuma ta fi ƙarfinsa. Ana iya karanta wannan duka a littafi, amma gani ya kori ji.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne murhun yana nan Zariya. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta kunna shi a 2004. Ƙirar ƙasar Sin ne, ƙarfinsa kimanin kilowat 30. Ba ya ba da wutar lantarki. Aikinsa auna abin da ke cikin ƙasar noma, da duwatsu, da abinci, da kuma horad da ɗalibai. A 2018 aka cire masa yuraniyum mai tsananin tacewa, irin wanda a ke tsoron a yi makami da shi, aka mayar Sin, aka sa masa mai kashi 13 cikin 100. Gana ma tana da irinsa a Kwabenya kusa da Ankara tun 1994, da makarantar digiri na biyu a jikinsa tun 2006. Lalle ƙanana ne. Na jami'ar MIT a Amurka megawat 6 ne, watau kusan ninki 200 na namu. Amma ɗalibin da ya tsaya a ɗakin sarrafa ƙaramin murhu ya ga yadda a ke tashe shi da yadda a ke kashe shi, ya fi wanda ya ga hoton babba.

Ba mu ce jami'ar da ba ta da murhu ba ta da amfani ba. Jami'ar Mishigan ta rufe nata a 2003, har yanzu kuwa tana cikin na gaba a wannan fanni, domin ƙarfinta yana wajen lissafi da kwamfuta da binciken ƙarafa. Ingila ma ta rufe murhun jami'a na ƙarshe da ta ke da shi a 2012. Sai dai yaro ya san abin da zai tarar tun kafin ya hau jirgi.

Ga wani tarko kuma da sunan jami'a kan ɓoye. Ilmin nukiliya reshe biyu ne manya. Akwai na fasa ƙwayoyi, wanda duk tashoshin lantarki na nukiliya na duniya ke aiki da shi. Akwai kuma na haɗa ƙwayoyi, irin abin da ke faruwa a cikin rana, wanda har yau bai ba wani gari wuta ba, ko da ya ke ƙasashe sun haɗa kai suna gina babbar na'urar gwaji a kudancin Faransa. Shahararrun jami'o'i suna zuba ƙarfi a wannan reshe na biyu, ilmi ne kuwa mai daraja. Amma yaronmu in ya shafe shekara biyar a kansa, ya dawo, wa zai ɗauke shi aiki? Sai ya koma inda ya fito, mu kuwa mun biya wa wata ƙasa kuɗin horad da ma'aikacinta.

Sa'an nan a tuna wannan ilmi ba kamar na noma ko na lissafi ba ne. Yana da ƙofofi masu kwaɗo. Ɗan Nijeriya ba ya samun bizar irin wannan karatu a Ingila sai da wata takardar izini ta musamman daga gwamnatinsu. A Amurka kuwa kuɗin bincike da yawa daga gwamnati su ke fitowa, akwai kuma guraben tallafi da a ke keɓe wa 'yan ƙasa, da ɗakunan bincike da baƙo ba ya shiga sai an tantance shi. Saboda haka yana yiwuwa yaro ya sami shiga jami'ar, amma aikin da ya kai shi ya kasance a bayan ƙofar da ba a buɗe masa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

A ganinmu abin da ya fi kyau shi ne a dubi inda ƙasa ta sa gaba. Masar ta fara gina tashar Daba'a a 2022, murhu 4 ƙirar Rasha, kowanne megawat 1,200 na lantarki. Ɗan Masar da ya yi karatu a Mosko ko Tomsk, inda jami'a ke da murhunta, aiki na jiransa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sayi nata 4 daga Koriya ta Kudu, ita kuwa Koriya ta buɗe makaranta a 2012 a jikin tashoshinta na Ulsan, inda a ke koyarwa da Turanci. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniya da Rasha a 2017, an kuma ambaci Geregu da Itu a matsayin wuraren gini, amma ba a fara ginin ba. Tashar lantarki ta nukiliya ɗaya ce tak ke aiki a Afirka, watau Kubag ta Afirka ta Kudu, tun 1984. Tun da haka ne, aikin da ke hannu yau ba a tashar lantarki ya ke ba. Yana hukumar da ke sa ido kan nukiliya, da asibitocin da ke gasa ciwon daji da haske, da wuraren haƙar mai da ma'adinai, inda a ke bukatar masu auna haske mai cutarwa da kare ma'aikata. 'Yan'uwanmu na Nijar, da a ke haƙar yuraniyum a Arlit tun 1971, sun fi mu sanin wannan bukata.

Shawararmu ke nan: yaro ya yi digiri na biyu a Zariya ko Ankara, inda kuɗi ba su da yawa kuma hannunsa zai taɓa aiki, sa'an nan ya fita waje don na uku. Za a ce mana takardar babbar jami'a tana buɗe ƙofa ko'ina. Gaskiya ne, in an samu tare da tallafi cikakke kada a ƙi. Amma a digiri na uku malamin da zai duba aikin ɗalibi ya fi tutar jami'a muhimmanci, domin shi ke zaɓen batun bincike, shi ke neman kuɗin, shi ke cewa an gama. Ku da takardun neman tallafin karatu ke bi ta hannunku, kafin ku tura su gaba ku nemi yaro ya kawo wasiƙar wannan malami, wadda ta faɗi abin da zai bincika, da na'urar da za a bar baƙo ya taɓa, da wanda zai biya kuɗin har shekarar ƙarshe.